Hasashe ya iso tun Afrilu, ruwa ya iso a Agusta: nazarin daminar 2024 a Damagaram

A ƙarshen watan Afrilun 2024 masana yanayi da masana ruwa da na noma daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Cadi suka zauna a Abuja, irin zaman nan da suke yi duk shekara kafin damina ta faɗi, wanda ake ce ma PRESASS. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, mai nazarin yanayi da ruwa da noma, ita ce ke haɗa shi, ita da ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka, da ma'aikatun meteyo na ƙasashen. Sanarwar da suka fitar ba a ɓoye ta ba, kowa na iya karantawa: ruwa zai fi yadda aka saba a yawancin Sahel, ƙoramu da koguna za su cika, a yi shirin ambaliya. Wata huɗu da ƴan kwanaki bayan nan, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin ƙasa na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya zube bayan ruwa mai ƙarfi, bidiyon ya zagaye wasap ɗin ƴan Damagaram na gida da na waje. A Nijar baki ɗaya daminar ta ci ran mutum kusan 400, waɗanda ta shafa sun haura miliyan ɗaya da rabi, jiharmu na cikin waɗanda suka fi ji a jika tare da Maraɗi da Tawa, komawa lakkol ma sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga Oktoba don ajujuwa da yawa cike suke da waɗanda gidajensu suka faɗi.

Ni aikina wajen rijiyoyi da foraj yake, ba ni a meteyo ba ni a meri. Abin da nake son bi a nan shi ne hanyar da labari ke bi tsakanin ma'aikatan ruwa, daga teburin Abuja har bakin kaniwon unguwa, ina ya wuce lafiya ina ya maƙale. Sai tambaya ta biyu wadda ta ma fi damuna, duk wannan ruwan da ya kada gidaje ina ya tafi, tunda bazara na zagayowa layin bido ya dawo bakin famfo kamar ba a yi komai ba. Ruwan da ya yi mana ɓarna a Satumba da wanda muke bi da kura a Afrilu ai ruwa ɗaya ne, mu ne muka raba shi biro-biro.

Garin da ke zaune kan dutse

Duk wanda ya san Damagaram ya san manyan duwatsun nan na Birni da kewaye. To abin da kake gani a sama shi ne a ƙasa. Garin yana zaune kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsaga ko inda samansa ya ruɓe ya koma tsakuwa, shi ya sa mutum zai kashe kuɗinsa a haƙa mashi foraj a gida a fito da ƙura zalla, maƙwabcinsa kuma taku kaɗan ya dace da tsaga ya samu ɗan abin da zai riƙe gidansa. Tsohuwar matsala ce, tana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan saman da muke samu a shekarar da ba ta yi gardama ba yana tsakanin milimita 400 zuwa 500, kusan dukansa a wata uku, alhali rana da iska suna iya shanye abin da ya haura mita biyu daga saman tabki a shekara. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun wuce dubu 300, kuma kowa ya ga yadda sabbin unguwanni suka bazu tun lokacin.

Saboda haka ruwan famfonmu daga waje ake jawo shi. Ta kudu akwai Gogo da Macaya, wurin da ruwan bai da zurfi sosai, an yi madatsai su tare ruwan da ke gangarowa ya kwanta ya nutse cikin ƙasa, foraj kuma su zuƙo shi daga baya. Kamar rumbu ne, damina ta zuba rani ya ɗiba, in daminar ba ta zuba da yawa ba to tun kafin zafi ya kankama an fara jin ƙasan rumbun. Ta arewa kuma akwai Arunguza da Ganaram, can wajen da matatar man SORAZ take, ruwan can ya fi zurfi, ya daɗe a kwance, ba damina ɗaya ce ke mayar da abin da aka ɗiba ba, sannan sai an turo shi cikin tiyo tazarar kilomita masu yawa kafin ya hau shato. Turowar nan da kuran ake yin ta. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar saboda takunkumin da aka sa bayan juyin mulkin Yuli, ciki har da layin da ke zuwa mana daga Katsina ta Gazawa, ba ta dawo ba sai bayan an ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024. Tana dawowa kuma sai ga zafin nan na ƙarshen Maris da farkon Afrilu da ya game Sahel ana cikin azumi. Kenan lokacin da ake zaman Abuja ana cewa a yi shirin ambaliya, mutumin Garin Malam ko Kara-Kara ko Karkada abin da ke kansa shi ne ko famfo zai zo da tsakar dare, da nawa ɗan ga-ruwa zai ce yau. Wa zai saurari zancen ambaliya a wannan hali?

Yanzu dubi hannuwan da ke kan ruwan nan. Tun gyaran da aka yi a 2001, SPEN ce ke da kayan aikin ruwan birane da manyan gine-gine, mai gudanarwa da sayarwa kuma da SEEN ce, daga Janairun 2024 NDE ta karɓa. Ma'aikatar ruwa ta jiha, wadda muke ce ma idirolik, ita ke bin lafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin karkara. Madatsai da aikin fadama na ƴan jeni riral ne, itatuwa da farfaɗo da ƙasa na ƴan gandun daji, ruwan sama na meteyo, kaniwo da rabon filaye da shara na meri, cutar da ke biyo ruwa ta ma'aikatar lafiya, wuta ta NIGELEC, ceto na ƴan kwana-kwana, ga kuma malamai da ɗalibai a jami'ar André Salifou da ke bincike kan duk waɗannan. Ko wanne da ministansa a Yamai. Rahoton kowa sama yake hawa, da wuya ya tsallaka titi zuwa biron da ke kallonsa.

Daga Afrilu zuwa Agusta

Gaskiya dai a faɗa, akwai wurin da haɗin kan yake aiki kuma ya daɗe yana yi. Bayan farin farkon shekarun 1970 aka kafa CILSS, kwamitin ƙasashen Sahel na yaƙi da fari, a 1973, AGRHYMET a 1974, zaman hasashen damina na yankin kuma tun 1998 ake yin shi. A cikin gida akwai ƙungiyar aikin nan ta GTP da meteyo ke jagoranta, duk kwana goma a damina ƴan noma da ƴan kiwo da ƴan ruwa da masu yaƙi da fara da tsutsa suna haɗa abin da kowa ya gani a fitar da takarda ɗaya. Rediyo na karanto milimita gari-gari, tsofaffi a majalisa suna saurare har da gardama a kan wane ƙauye ya fi samu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma duk wannan tsarin saboda fari da yunwa aka gina shi, 1973 da 1984 ne suka haife shi. Tambayar da ya iya amsawa ita ce hatsi zai nuna ko ba zai nuna ba, ciyawa za ta ishi bisashe ko a'a, tiyar hatsi nawa take a kasuwa, yara nawa suka rame. Masu sa ido na ƙauyuka da na komin da ke ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa ma yawanci a kan waɗannan aka horar da su. To in aka ce ma irin wannan tsarin ruwa zai yi yawa bana, abin da kunnensa ke ji shi ne albishir. Kuma ga manomin Tanut ko Gure albishir ɗin ne.

Sannan shi hasashen da kansa ba ya magana da harshen unguwa. Taswira ce mai manyan launuka, launi ɗaya ya rufe daga Maraɗi har Difa, abin da take cewa shi ne damar a samu sama da yadda aka saba ta fi damar a samu daidai ko ƙasa. Ba ta ce maka wane lungu ne ruwa zai tsaya a Zango ba, kuma ba aikinta ba ne. Kafin wannan magana ta zama tipa da shebur a bakin kaniwo sai wani ya zauna da taswirar kwarurrukan gari, wani ya ce ga magudanun da yashi da leda suka toshe, wani ya ce ga kuɗi. Nan ne sarƙar ke yin siriri. A 2024 ɗin ma an samu ƙarin abu biyu: a watan Afrilun aka rushe majalisun komin aka naɗa masu riƙo, sabbin hannu suna karɓar aiki daidai lokacin da ya kamata a fara yasa, ga kuma porje da dama da masu ba da tallafi suka dakatar tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ba laifi nake ɗora ma kowa ba, ina nuna cewa shirin da ya dogara da mutum ɗaya ko porje ɗaya, da an taɓa kujera sai ya tsaya.

Akwai wani abu kuma na cikin sana'ar da ba kowa ya lura da shi ba. Mai karanta ma'aunin ruwan sama, wato ɗan mazubin nan da ake kafawa kan ƙarfe a filin ma'aikatar gona ko ƙofar mai gari, da safe yake zuwa ya duba inda ruwan ya tsaya ya rubuta a kaye ya zubar ya buga waya. Abin da ya rubuta jimillar yini ce. In ya ce milimita 60, ba ka san ko yayyafi ne aka kwana ana yi ba ko kuwa cikin minti arba'in aka sako shi gaba ɗaya. Ga manomi kusan duk ɗaya ne, ga injiniyan da zai auna faɗin kaniwo kuwa bambancin shi ne komai, na farko ƙasa za ta sha, na biyu shi ke shiga ɗaki. Kuma irin na biyun ne ke ƙaruwa. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna cewa manyan hadarin nan mafi ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Canjin yanayi a wurinmu haka yake zuwa, tun shekarun 1990 jimillar ruwa ta ɗan farfaɗo daga farin baya, amma yana zuwa ne a dunƙule, a yi kwanaki ba ɗigo sannan a sako na wata guda a dare ɗaya. Magudanun da aka lissafa da alƙaluman da can baya ba lalle su ɗauki wannan ba. Mai meteyo ya san ruwan ya canza, mai zana kaniwo yana buƙatar ya san da nawa ya canza a awa ɗaya, kuma na'urar da ke auna hakan ba ta da yawa.

Sai waɗanda ban cika gani a ɗakin taro ba alhali sun fi mu sanin inda ruwa ke bi a tsohon gari: magina. Ka tsaya da tsohon magini a Birni minti goma zai nuna maka cewa ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa. Ta sama, in indararo ya toshe ko ya karye ruwa ya kwanta kan soro ya jiƙe azara. Ta ƙasa kuma, in ruwa ya tsaya a gindin bango, kuma da yake dutse na kusa ruwan ba ya samun wurin nutsewa, ƙasa ta ƙoshi, danshi ya riƙa hawa bango a hankali har gindin ya zama kunu, saman na nan lafiya lau kana kallo sai ka ji rugum. Zai gaya maka shafen siminti a kan bangon ƙasa yana kulle danshin a ciki. Zai nuna maka inda aka ɗaga titi da jar ƙasa ko pabe har zauren gida ya koma ƙasa da hanya. Zai kuma tuna maka kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda su ne ke karɓar ruwan unguwa da can, yau wasu sun cika da shara wasu an cike an yi gini. Wannan ilimin ba ya cikin kwamfutar kowa, kuma masu shi tsufa suke yi.

Alƙaluman da ke kwance a durowa

Bari in nuna yadda ake auna ruwan ƙasa don a gane abin da nake nufi. Akwai ƴan siraran foraj da ba a jan ruwa a cikinsu, don awo kawai aka yi su, muna ce masu piyezo. Ka hau moto ka je, ka buɗe kwaɗon in ba a riga an fasa shi an cika ramin da duwatsu ba, yara kan yi, ka zura igiyar awo mai ƙarfe a baki a hankali, tana taɓa ruwa na'urar ta yi ƙara, ka riƙe daidai bakin tiyo ka karanta mita da santimita ka rubuta da kwanan wata. Shi ke nan aikin, bai fi minti biyar ba. Wahalar ita ce man moto da kuma a riƙa yin shi a kan lokaci shekara da shekaru ba fashi, don awo ɗaya ba ya cewa komai, sai an jera su ake ganin ko ruwan sauka yake ko hawa.

To ga lamba uku: ruwan da ya sauka daga sama, tsayin ruwan da ke ƙasa, da yawan wanda aka zuƙa aka turo gari. Ko wacce a hannun wani take. In aka jera su a takarda ɗaya a watan Oktoba, mai ilimin ruwan ƙasa zai iya cewa Gogo da Macaya za su kai mu wata kaza in aka ci gaba da ja haka, daga nan a san yadda za a raba nauyi tsakanin kudu da arewa, a tsara rabon ruwa unguwa-unguwa tun sanyi, a gyara injin da ke tari kafin Maris, a faɗa ma jama'a gaskiya. In ba a jera ba kuma sai Afrilu ta zo kowa ya hau mamaki.

Na ga ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu a kan ruwan wani kwari yana yawo da takardar neman alƙaluma daga wannan biro zuwa wancan, nan a ce direkta ya yi tafiya, can a ce sai izini ya zo daga sama, wani wurin a ce sai ya biya, ƙarshe ya haɗa aikinsa da alƙaluman tauraron ɗan adam da ya sauko da su kyauta a intanet, alhali awon gaske na wurin yana cikin kaye a durowar da ba ta fi tafiyar minti goma da kabu-kabu ba. Kuma ban ce masu riƙewar mugunta ce ke sa su ba. Wani ya sha rana shekaru yana awo da man aljihunsa, wani ya zo ya kwashe ya buga da sunansa ko godiya babu. Wani tsoro yake kar lambar ta fita a ce shi ya tona asiri. Wani kuma kayen ne kawai ba a taɓa shigar da shi kwamfuta ba, kunyar nuna shi yake. In ana son a buɗe durowa sai an magance waɗannan ukun, wa'azin haɗin kai kaɗai ba zai buɗe ta ba.

Abin da ke tafiyar da aiki a zahiri, kowa a cikinmu ya sani, zumunci ne. Wane ɗan promo ɗina ne a AGRHYMET ko a jami'ar Abdou Moumouni, sai in buga mashi waya in ce don Allah turo man ruwan watan takwas, kafin la'asar ya ɗauki hoton shafin ya turo ta wasap. Da damina gurup-gurup na ma'aikata sun fi kowace takardar hukuma sauri, hoton madatsar da ta fara tsagewa yana isa kafin rahoto ya samu sa hannu. Ina ganin amfanin wannan sosai. Illarsa dai ranar da aka yi ma mutumin afektasiyo zuwa Doso ko Agadas, hanyar ta tafi da shi, wanda ya gaje shi sai ya fara daga gaisuwa.

Ina ruwan ya tafi

Wani ɓangaren ruwan ya nutse cikin ƙasa, babu shakka, shekara mai ruwa tana taimakon rijiyoyi marasa zurfi. Amma ruwa mai ƙarfi da ya sauka kan fako ba ya tsayawa gaisawa, gudu yake, yana tafe yana yankar gona yana kwasar yashi da laka. In ya iso madatsa ya zube kayansa a nan. Yashin ya rage wurin da ruwa zai zauna, lakar kuma ta shafe ƙasan ta toshe ƙofofin da ruwan ke bi ya nutse, sai ka ga tabki cike ido na murna amma rana ce ke shan rabonta daga sama. Ma'ana abin da zai fito a famfon Sabon Gari a watan biyar, tun a gonakin da ke saman madatsar ake yanke shi.

Su wa ke aiki a waɗannan gonakin? Ƴan gandun daji da ƴan gona da manoman kansu, masu haƙa ramukan tare ruwa irin su rabin wata da tassa, da jera duwatsu. Kuma jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan, sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka toho a gona su girma, da manoman Magariya da Matamaye da Mirya suka riƙe har gawo ya sake rufe gonaki abu ne da ake zuwa gani daga ƙasashen waje. Sai dai yawanci in za a zaɓi inda za a yi aikin farfaɗo da ƙasa, ana duba ƙauyen da ya fi shiga wahala ne don a ba mutane aiki a biya su, wannan kuma daidai ne ta fuskarsa. Da za a ce mai ilimin ruwan ƙasa yana zaune a wurin zaɓen, da ya ce ku ƙara da wannan gangaren, shi ke zuba ma foraj ɗin da birni ke sha. Kuɗi ɗaya, aiki biyu. Ɗan gandun dajin da ke can ƙauye yana cikin masu ba Damagaram ruwa, shi bai ɗauki kansa haka ba mu ma ba mu ɗauke shi ba.

A cikin gari ma akwai lissafin da nake so kowa ya yi da kansa. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 a shekarar milimita 400 yana zubar da lita 40,000, wato bido 1,600 na lita 25. Lakkol nawa, masallaci nawa, ma'aikata nawa ke da rufin da ya fi haka? Ba zai maye famfo ba, kuma ba a sha sai an tace an sa magani, tankin ajiya ma kuɗi ne, amma duk litar da aka tare a rufi ta ragu a titi ranar ruwa kuma ta ƙaru a gida ranar babu. Wannan aikin ba na idirolik ba ne shi kaɗai, ba na meri ba ne, ba na masu ba da izinin gini ba ne, shi ya sa ya zama ba na kowa ba.

Ɓangaren lafiya kuma a gajarce: in ruwa ya mamaye unguwa masai da rijiya sun zama ɗaya, kwalarar 2021 da ta taɓa jiharmu ba ta yi nisan da za a manta ba. Wanda ya ga masu gudawa sun fara yawa a likita shi ya kamata ya fara kiran mai awon ingancin ruwa, ba sai rahoton wata ya hau ya sauko ba. Abin da ya faru a Tibirin Gobir, inda sinadarin fuliwor na ruwan foraj ya lanƙwasa ƙasusuwan yara shekaru kafin a haɗa ciwon da ruwan, ya isa ya sa likita da mai foraj su riƙe lambar juna.

Takardu kam akwai

Dokar ruwa ta 2010 tana nan. Shirin PANGIRE na 2017 yana nan, wanda gaba ɗayansa a kan a sarrafa ruwa tare ne bisa bin kwari ba bin iyakar komin ba. An raba ƙasar gida bakwai ta fuskar ruwa, namu shi ne Korama da Damagaram-Muniyo. Akwai kwamitin ruwa da tsabta na jiha. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 400 don shirin PISEN na tsaron ruwa. Ta wajen iyaka muna cikin hukumar tabkin Cadi tun 1964, ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakaninmu da Najeriya kan ruwan da muka haɗa. Ba tsari muka rasa ba. Abin da na lura shi ne yawancin zaman da ake yi a ƙarƙashin waɗannan sai porje ya kira atelye, a yi kwana biyu a otel, a sha kafe, a karanta shawarwari a tafa, a sa hannu a karɓi pardiyam. Ban raina ba, ni ma ina zuwa, a nan ake sanin juna. Amma ranar taron kalandar mai kuɗi ce ke sa ta, ba kalandar ruwa ba, sai ka ga ana taron ambaliya a watan Disamba.

Da ni za a tambaya, zama biyu ne a shekara ba sa son fashi, kuma ba sa buƙatar otel. Na farko a farkon Mayu, hasashe na fitowa: meteyo ya fassara shi da Hausa, meri ta zo da jerin magudanu da kududdufai, jeni riral ya faɗi halin madatsai, a gayyato sarkin magina da masu unguwanni a baje taswira su sa yatsa inda ruwa ya tsaya bara. Na biyu a Oktoba, lambobin nan uku a takarda ɗaya, da mai wuta a wurin, da wakilin ƴan ga-ruwa don su ne suka san wace unguwa ce ke fara bushewa da wane mako. A wannan zaman ne kuma ya kamata a fara ƙirga famfunan sola da motopompi da ke ƙaruwa a fadamun Korama wajen masu rake da kayan lambu, abin alheri ne ga masu shi amma daga ƙasa ɗaya ake ja.

Akwai aiki ɗaya da ke da gaggawa don lokaci na cin sa. Ruwan 2024 ya bar zane a bangaye, iyakar inda ya kai a kowace unguwa, kuma duk yaɓe da fenti da aka yi ana shafe shi. Ɗaliban jami'a da waya mai GPS da mita a hannu, tare da mai unguwa yana nuna masu gidaje yana tambayar masu su, za su iya tattara abin da ya rage su fitar da taswirar da injiniya zai yi aiki da ita. Kuɗin da wannan ke ci bai kai na atelye ɗaya ba. Haka man moton mai zuwa piyezo da kiredin wayar mai karanta ma'aunin ruwa a ƙauye, ƙananan kuɗi ne da ba su da layi a kasafin yawancin porje don ba a ƙaddamar da su da almakashi, wurinsu kasafin komin da na jiha ne, a rubuta su da sunansu duk shekara kamar yadda ake rubuta kuɗin wuta.